Yadda Ake Haɗa Gahawar Gesha Ba Tare Da An Kashe Mata Ƙamshi Ba

Ranar da na fara buɗe jakar Gesha, 'yar ƙarama ce mai gram 100 kacal, na kai hancina bakin jakar sai na tsaya cak, don abin da na shaƙa bai yi kama da gahawar da na sani ba ko kaɗan, ƙamshin fure ne, irin na yasmin da ke tashi da daddare, da wani ɗan ƙamshin ɓawon lemu a bayansa. Ɗoki ya ɗebe ni na niƙa ta luƙui, na tara ruwan famfo na tafasa na kwarara mata gaba ɗaya na kai baki tun tana turiri, wallahi abin da na ji ɗaci ne da bauri, furen nan ko alamarsa babu. Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki, don na san gahawar bata da laifi, ni ne ban san yadda ake bi da ita ba. Shi yasa nake son in zayyana maka hanyar tun daga saye har kurɓar ƙarshe. Kuma zan riƙa cewa gahawa, don in nace kofi sai a rikice da kofin da ake zubawa a sha.

Amma ka fara sanin ko wacece, don tarihinta shi zai nuna maka dalilin kowane mataki.

Asalinta daga dazukan kudu maso yammacin Habasha ne, wajen wani yanki da ake kira Gesha, inda bishiyar gahawa ke fitowa da kanta a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa ba wanda ya shuka. A shekarun 1930 Turawan Ingila suka ɗebi irinta suka kai Kenya, daga can aka wuce da ita tashar bincike ta Lyamungu a Tanzaniya. A takardunsu ne aka rubuta sunan Geisha, shi yasa har yau zaka ga rubutun iri biyu, wasu ma suna zaton daga Japan take, alhali babu abin da ya haɗa ta da Japan, sunan wuri ne a Habasha. A 1953 aka kai ta cibiyar binciken noma da ke Turrialba a Kosta Rika, wadda yanzu ake kira CATIE, aka bata lamba T2722. A shekarun 1960 wani jami'in noma ɗan Panama, Francisco Serracín, wanda aka fi sani da Don Pachi, ya shigo da irin ƙasarsu aka raba wa manoma a yankin Boquete. Ba don daɗinta aka raba ta ba fa, don tana jure cutar tsatsar ganye ne, cutar da ke kakkaɓe ganyen bishiyar gahawa ta bar manomi da hamma.

Toh manoma basu so ta ba, kuma suna da hujja. Bishiyar doguwa ce siririya, rassanta masu saurin karyewa, 'ya'yan da take yi basu da yawa in aka kwatanta da irin Caturra ko Catuai. Wanda ya shuka ta ma in lokacin girbi yazo haɗe ta yake da sauran a buhu ɗaya, a wanke tare a shanya tare a sayar tare. Kusan shekara 40 tana tsaye a gonakin Panama a haka, ƙamshinta na narkewa cikin na wasu, ba wanda ya taɓa ware ta ya ɗanɗana ita kaɗai.

Sai iyalan Peterson masu gonar Hacienda La Esmeralda. Kakansu Rudolph Peterson, wanda ya taɓa shugabantar Bank of America, shine ya sayi gonar a 1967. A wata gonarsu ta Jaramillo suka lura da waɗannan dogayen bishiyoyi da cuta bata cika kayar da su ba, suka ƙara dasa su can sama kan tudu inda tsayi ya haura mita 1,600. A 2004 Daniel Peterson ya ware girbin kowane ɓangaren gona daban ya riƙa ɗanɗanawa ɗaya bayan ɗaya, da yazo kan na can sama sai yaji abin da bai taɓa ji ba a gahawar Panama. Suka shigar da ita gasar Best of Panama ta wannan shekarar ta lashe, a gwanjo aka sayi laba ɗaya, wato gram 454, a kan dala 21, a lokacin da gahawar kasuwa ko dala 1 bata kai ba. Daga nan farashi ya kama hawa kamar wasa: a 2019 Gesha ta gonar Elida ta iyalan Lamastus ta kai dala 1,029 duk laba, a 2023 ta gonar Carmen ta kai dala 10,005 duk kilo. Wannan farashin gwanjon zakaru ne, kada ya tsorata ka, akwai Gesha mai kyau da bata kai ko kusa da haka ba, yanzu ana noma ta a Kolombiya, Kosta Rika, Gwatamala, Peru, har ma a gida Habasha inda aka kafa gonar Gesha Village a 2011 kusa da dajin da aka fara ɗebo ta.

Abin da nake so ka riƙe daga labarin nan shine ƙamshinta siriri ne, abu kaɗan ke danne shi. Duk matakan da zan faɗa aikinsu ɗaya, kawar da abin da zai danne ta.

Matakin farko saye, kuma nan mutane da yawa ke yin asara tun kafin su ɗora ruwa. Sunan Gesha a jikin jaka kaɗai bai isa ba. Tunda sunan ya zama kuɗi kowa liƙa shi yake. Ka duba a ga an rubuta ƙasa, sunan gona, tsayin wurin da aka noma ta, yadda aka sarrafa ta, da ranar da aka gasa. In babu sunan gona babu ranar gashi, ka ajiye ka wuce. Tsayi yana da muhimmanci ƙwarai don a kan tudu mai sanyi 'ya'yan suna nuna a hankali, su tara zaƙi da ƙamshi, ita wannan bishiyar in aka shuka ta a ƙasa-ƙasa sai ta fito gahawa kamar kowacce. Gonakin yankunan Boquete da Volcán na Panama suna jikin dutsen Barú ne mai aman wuta, ƙasar tana da ƙarfi, ga wani siririn yayyafi mai kamar hazo da mutanen wurin ke kira bajareque yana sauka yana sanyaya gonakin. Ka nemi wadda aka noma daga mita 1,500 zuwa sama.

Sai ka duba sarrafawa. Zaka ga an rubuta Washed ko Natural. Ta farko wankakkiya ce, an ɓare ɓawon ɗan itacen an tsima ƙwayar an wanke yauƙin jikinta kafin a shanya, ita ce ke fito da fure da lemu tas kamar shayi mara madara. Ta biyun an shanya ta ne da ɓawonta har ta bushe, sai zaƙin ɗan itacen ya ratsa ƙwayar, ta fi kauri ta fi kama da nunannen mangwaro ko gwanda. Akwai kuma waɗanda ake tsimawa a rufaffiyar ganga babu iska, ƙamshinsu ya kan yi ƙarfi har ya rufe na Geshar kanta. Ra'ayina, in karon farko ne ka sayi wankakkiya, don ka san muryarta tukuna kafin kaji ta da ado.

Gashin kuma ya zama na sama-sama, ƙwayar ta fito ruwan ƙasa mai haske, busasshiya, ba baƙa mai naso da sheƙi ba. Sinadaran da ke bada ƙamshin fure masu saurin tashi ne, wuta in tayi yawa sune farkon tafiya, abin da zai rage ƙauri ne, kuma ƙaurin Gesha da ƙaurin gahawa mai araha duk ɗaya ne. Kada ka taɓa sayen niƙaƙƙiya. In ka zuba ƙwayar a tafin hannu zaka ga yawanci doguwa ce 'yar siririya mai ɗan tsini a bakinta, ba kamar sauran masu zagaye ba.

Mataki na biyu haƙuri. Gahawar da aka gasa jiya cike take da iskar kabon, iskar nan tana tunkuɗe ruwa ta hana shi shiga ƙwayar yadda ya kamata, sai kofin ya fito da kaifi ba zaƙi. Ka barta a jakarta a rufe kwana 10 zuwa 14 daga ranar gashi, wasu masu gashin da yafi haske ma sai sun yi sati 3 suke buɗewa sosai. Ka ajiye ta inda ba rana ba zafi ba laima, nesa da kayan ƙamshin girki don tana zuƙar warin duk abin da ke kusa da ita. Firiji a'a. In kana son ta daɗe, ka raba ta gram 15 15 a 'yan ƙananan kwalabe masu murfi gam ka sa a firiza, ranar da zaka sha ka ciro ɗaya ka niƙa nan take ba sai ta huce ba, abin da ba'a so shine a riƙa fito da jaka guda ana buɗewa ana mayarwa, raɓa zata kwanta a kan ƙwayar.

Kafin in wuce ga wata shawara da zata cece ka: ka sayi wata wankakkiyar gahawar Habasha mai sauƙin kuɗi, gashin sama-sama, ka koyi hannu da ita na sati ɗaya ko biyu yayin da Geshar ke hutawa. Gram 100 kofi 6 ne kawai da ɗan saura, babu na gwaji a ciki.

Mataki na uku kayan aiki. Mazurarin tace gahawa, irin Hario V60 ko makamancinsa, da takardar tacewarsa, fara tafi don bata cika warin takarda ba. Sikeli mai auna gram. Agogo, na waya ma ya isa. Buta mai siririn dogon wuya don ka iya sarrafa zubin ruwa. Da abin niƙa, wanda shine yafi komai muhimmanci a cikinsu, ka nemi mai haƙoran ƙarfe biyu da ke murƙushe ƙwaya a tsakaninsu, ko na hannu ne, banda mai wuƙa da ke juyawa kamar bilenda, don shi sara yake barkatai, wani ya zama gari wani ya zama tsakuwa, garin ya bada ɗaci tsakuwar ta bada tsami a kofi ɗaya. Game da sikeli kuwa, an ce ido ba mudu ba amma ya san kima, toh a nan kada ka yarda da ido, cokali ɗaya na wannan gahawar da cokali ɗaya na waccan nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na huɗu ruwa, kuma anan zan ɗan daɗe don shi aka fi rainawa. Abin da ke cikin kofin nan sama da kashi 98 cikin 100 ruwa ne. Ruwa mai warin kulorin zai rufe furen gaba ɗaya. Ruwa mai nauyi, irin wanda ke barin farin daskararren abu a gindin buta, yana kashe tsamin nan mai daɗi, sai gahawar ta fito lami kamar an jiƙa kwali. Ruwan da aka tace har ya zama babu gishirin ƙasa ko ɗigo a ciki shima bai yi ba, don waɗannan gishirin, musamman magniziyam da kalsiyam, suna taimakawa wajen fito da ɗanɗano. Abin da ƙungiyar masana gahawa ta SCA ta ba da shawara shine ruwa mai narkakkun ma'adinai wajen miligram 150 a lita, tsakanin 75 da 250. Ni na fi son wanda ke ƙasa-ƙasa a wannan ma'aunin in Gesha ce. Hanya mai sauƙi, ka duba bayan robar ruwa, in an rubuta adadin sai ka zaɓi mara nauyi. Ka kurɓi ruwan shi kaɗai tukuna, in kaji wani ɗanɗano a bakinka toh zai biyo ka cikin kofin.

Zafinsa digiri 92 zuwa 96. Gashin sama-sama ƙwayarsa tauri gare ta, tana son ruwa mai zafi sosai, kada kaji tsoron zaka ƙona ta. In baka da ma'aunin zafi ka bar ruwan ya tafasa ka sauke ka buɗe murfi ka ƙirga sakan 30 zuwa 40.

Mataki na biyar niƙa. Ka auna gram 15. Kafin ka zuba su ka jefa ƙwaya 3 ko 4 na Geshar a abin niƙan ka niƙe ka zubar, don su share ragowar tsohuwar gahawar da ta maƙale a haƙoran, kaga in baka yi haka ba ka sake haɗa ta da wasu kenan kamar yadda aka yi mata shekara da shekaru. Niƙan ya zama tsaka-tsaki, in ka murza a yatsa kaji shi kamar yashi mai ɗan girma, ba gari ba. Kuma sai ruwa ya kusa sannan zaka niƙa, don da zarar ƙwayar ta fashe ƙamshin ya fara gudu, cikin 'yan mintuna mafi daɗinsa ya tafi. Da ka gama ka kai hanci ka shaƙa, ka rufe ido ka riƙe abin da kaji, zaka neme shi a kofin anjima.

Mataki na shida zubi. Ka naɗe gefen takardar ka zaunar da ita a mazurarin, ka ɗora kan kofi ko tulun gilas, ka wanke takardar da ruwan zafi sosai, wannan yana cire warin takarda yana kuma ɗumama kayan, sai ka zubar da ruwan wankin, kada ka manta da wannan. Ka ɗora komai kan sikeli, ka zuba garin ka girgiza ya kwanta daidai, ka mayar da sikeli sifiri. Jimillar ruwan da zaka zuba gram 250 ne, wato kusan gram 1 na gahawa ga gram 16 da rabi na ruwa.

Ka kunna agogo ka zuba gram 45 a hankali daga tsakiya zuwa gefe har ko'ina ya jiƙe, ka ɗaga mazurarin ka ɗan juya shi don kada wani lungu ya rage a bushe. Yanzu ka tsaya ka kalla. Garin zai kumbura yana fitar da 'yan kumfa, iskar kabon ce ke fita tana ba ruwa hanya, kuma a daidai wannan lokacin ne ƙamshin ke tasowa da ƙarfi, in ka sunkuya kan mazurarin turirin zai bugi fuskarka da fure da zuma, ni har yau in na kai nan sai na ji gabana ya ɗan faɗi don daɗi. Ka jira sakan 45.

Daga nan ka ci gaba da zubawa siriri, bakin butar kusa da garin ba daga sama can ba, kana zagayawa kamar kana zana ƙaramin da'ira, kada ka riƙa zuba a jikin takardar don ruwan zai zurare ta gefe bai taɓa gahawar ba. Ka kai gram 150 wajen minti 1 da sakan 15. Ka dakata ruwan ya ɗan sauka amma kada ka bari garin ya bushe, wajen minti 1 da rabi ka sake zubawa har 250, ka gama wajen minti 2. Ka ɗan juya mazurarin sau ɗaya a hankali garin da ya manne a gefe ya sauko, shikenan ka cire hannunka. Banda motsawa da cokali ana ta dama shi, yawan motsi yana tura ƙananan gari su toshe takardar, ruwa ya tsaya ya daɗe ya jawo bauri. Ruwan ya gama sauka tsakanin minti 2 da sakan 45 zuwa minti 3 da rabi, garin ya kwanta shimfiɗe a ƙasa ba rami a tsakiya. Ka cire mazurarin, ka juya gahawar a tulun don ta farko da ta ƙarshe su haɗu, ta farkon sauka tafi ƙarfi nesa.

Mataki na bakwai sha, kuma don Allah banda suga banda madara, ko sau ɗaya ne ka bata dama ita kaɗai. Kada ka ci abu mai yaji ko ka goge baki da man goge baki dab da lokacin. Launinta zai baka mamaki, ja-ja ne garai-garai kamar shayi, haske na ratsa shi, kada kace tayi ruwa, haka take. Ka zuba a kofi mai ɗan faɗin baki ka jira minti 4 ko 5, don harshe baya rarrabe ɗanɗano in abu yayi zafi da yawa, wannan ma yana cikin kuskurena na farko.

Kurɓar farko ka zuƙa da ɗan ƙara, iska ta shiga tare da ita ta watsu ko'ina a baki, ka haɗiye ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Anan furen yake. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro, harshe nasa zaƙi da tsami da ɗaci ne kawai da makamantansu. Tana da ɗumi zaka fi jin yasmin da bagamot, wato ɗan lemun nan da ake ƙamsasa shayin Earl Grey da shi. Tana ƙara hucewa sai tsamin ya fito fili, ba tsamin abin da ya lalace ba, tsami mai haske irin na lemun zaƙi da ke sa yawu ya tsinke, sai zaƙi ya biyo baya kamar zuma da aka tsinka da ruwa, in busasshiya da ɓawo ce kuma mangwaro zai fito ƙarara. Ka rage kaɗan a gindin kofin har yayi sanyi gaba ɗaya sannan ka shanye, gahawa mara kyau in ta huce asirinta tonuwa yake, Gesha mai kyau kuwa ƙara zaƙi take, kuma bayan ka haɗiye ƙamshin zai zauna a bakinka mintuna. In baka ji duk waɗannan sunaye a ranar farko ba kada ka damu, hanci koyo yake, abin da zai taimaka shine ka haɗa wata gahawar daban a gefe ka riƙa kurɓar wannan kana kurɓar waccan, bambancin zai fito ko baka da sunan da zaka kira shi.

Mataki na takwas gyara, don da wuya kofin farko ya fito cif. Ruwa yana fara ciro tsami ne, sai zaƙi, ɗaci da bauri su ke zuwa ƙarshe. Don haka in kaji tsami mai kaifi, ba zaƙi, ɗanɗanon ya ɓace da wuri, kuma ruwan ya zurare kafin minti 2 da rabi, toh bata bada abin da ke cikinta ba, ka ƙara laushin niƙa kaɗan ko ka ƙara zafin ruwa. In kuma kaji ɗaci, harshenka ya bushe yayi kanta, ruwan ya wuce minti 4 yana ɗiga, an matse ta da yawa, ka sassauta niƙan ya ɗan ƙara girma ka rage motsi. In komai daidai ne amma tayi maka sanyin ƙarfi, ka rage ruwa zuwa gram 235. In ba tsami ba ɗaci sai dai lami kawai ba rai, kafin ka zargi gahawar ka canza ruwa. Abu ɗaya zaka riƙa canzawa a kowane karo, ka rubuta abin da kayi da abin da kaji, in ka canza niƙa da zafi da ruwa a lokaci guda ba zaka san wanne ya gyara ko ya ɓata ba, ga jakar kuma tana ƙarewa.

Bayan kofi 6 zaka ga ragowar da bata kai gram 10 ba a gindin jaka, kada kace tayi kaɗan. Ka haɗa ta yadda alƙalan gasa ke yi, irin yadda aka ɗanɗana ta a Boquete a 2004: gram 8 da kwata, niƙa mai ɗan girma, a zuba a ƙaramin kwano ko kofi, a kwarara ruwa mililita 150 mai zafin digiri 93 kai tsaye a kai, ba takarda ba mazurari. Ka barshi minti 4, garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Ka sunkuya hancinka dab da kofin ka tura ɓawon baya da bayan cokali sau 3, ƙamshin da ya taru a ƙarƙashi zai fashe maka a fuska lokaci ɗaya. Ka kwashe kumfar da ta rage a sama da cokali ka zubar, ka jira kamar minti 8 zuwa 10 garin ya kwanta ruwan ya huce, sannan ka riƙa ɗiba da cokali daga sama kana zuƙa da ƙarfi, kana komawa duk bayan 'yan mintuna har ta yi sanyi.